Famanan sakataren da aka mayar aji ya dawo gwamna: nazari kan lamarin Malam Ibrahim Shekarau

A watan Mayun 2000 gwamnatin jihar Kano ta ɗauke wani famanan sakatare daga sakatariya ta tura shi kwalejin share fagen shiga jami'a, wadda kowa ya fi sani da CAS, ya je ya koyar da lissafi. A takarda dai ba kora ba ce, muƙamin babban lakcara aka ba shi, amma duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san me hakan ke nufi. Mutumin da jiya daraktoci ke layi a ƙofar ofishinsa da fayil a hammata, yana da mota da direba da masinja, yau an ce ya ɗauki alli ya shiga aji ya tsaya gaban yaran da suka gama sakandare shekaran jiya. Shekara uku bayan nan, ranar 29 ga Mayun 2003, shi aka rantsar a matsayin gwamnan jihar, kuma gwamnan da aka yi masa wannan taransifa a zamaninsa shi ya kayar a akwati.

Mutanen Kano sun saba ba da wannan labari a matsayin ishara ta ikon Allah, kuma haka ne, babu ja. Amma ni abin da ya fi ja min hankali daban ne: shekara 23 da Malam Ibrahim Shekarau ya yi yana aikin gwamnati me suka zuba masa a kai, kuma da ya hau kujerar gwamna a ina wannan tarbiyya ta yi wa talakan Kano rana, a ina kuma ta gaza.

An haife shi ranar 5 ga Nuwamban 1955 a unguwar Kurmawa cikin birnin Kano, mahaifinsa ɗan sanda ne. Ya yi firamare a Gidan Makama, ya wuce kwalejin kasuwanci ta Kano, daga nan sai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya inda ya gama digiri a lissafi da koyarwa a 1977. A 1978 ya fara koyarwa a kwalejin fasaha ta Wudil, kuma bai daɗe ba aka ba shi firinsifal. Daga nan fa sai yawo, Haɗeja, Birnin Kudu, Gwammaja, har zuwa Kwalejin Rumfa a 1988. Lokacin Haɗeja da Birnin Kudu duk ƙasar jihar Kano ce, sai a 1991 aka yanke Jigawa.

Wannan zango na firinsifal shi ne mutane suke tsallakewa da sauri, alhali nan aka ƙera mutumin. Firinsifal na makarantar kwana a wancan zamani ƙaramin gwamna ne. Shi zai san buhun shinkafa nawa ya rage a sito kuma zai kai ƙarshen zango ko ba zai kai ba, shi zai bi ɗan kwangilar abinci, shi zai raba faɗan malamai a kan gidan kwatas, in yaro ya kwanta zazzaɓi da tsakar dare ƙofarsa za a buga, in rijiyar burtsatse ta lalace ɗalibai suka fara gunaguni to shi zai fito asambili da safe ya yi magana har zukata su kwanta kafin abin ya zama bore. Iya maganar nan ta Malam da ake yabawa, yadda zai tsaya ya jero bayani ɗaya bayan ɗaya ba takarda a hannu ba ɗaga murya, ni a ganina a filin asambili ya koye ta. Ya kuma shugabanci ƙungiyar firinsifal-firinsifal ta Najeriya baki ɗaya, wato tun kafin siyasa ya riga ya san yadda ake neman ƙuri'ar mutane masu ilimi da ra'ayin kansu. Sannan ga ɗalibai, dubbai sun wuce ta hannunsa, kuma zuwa 2003 sun zama magidanta, wasu malamai wasu 'yan kasuwa wasu ma'aikata, a kowace ƙaramar hukuma akwai wanda zai ce ai Malam ya koyar da ni.

A 1992 ya bar makaranta ya koma ofis, mataimakin darakta mai kula da shiyyar Bichi, shekara guda bayan nan darakta na tsare-tsare da bincike da ƙididdiga a ma'aikatar ilimi, sannan a tsakiyar shekarun 1990 ya kai ƙololuwa. Lokacin ba a ma cewa famanan sakatare, Darakta Janar ake cewa, saboda gyaran da gwamnatin Babangida ta yi da doka mai lamba 43 ta 1988, wadda ta canza sunan ta kuma mayar da kujerar kamar ta siyasa, ka zo da gwamnati ka tafi da ita. Daga baya kwamitin Allison Ayida ya ba da shawarar a koma tsohon tsari aka koma, amma ɓarnar ta riga ta shiga, gwamnoni sun riga sun ɗanɗana cewa babban ma'aikaci abin juyawa ne yadda aka ga dama. Malam ya riƙe ma'aikatar ilimi, ya riƙe ta ruwa, ya zauna a ofishin majalisar zartarwa, duk a ƙarƙashin sojoji, kafin farar hula su dawo a 1999 da Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP.

To sai ga maganar Shari'a. Zamfara ta ƙaddamar a Oktoban 1999, Kano ta ɗauki zafi, malamai da 'yan kasuwa da matasa suna matsa wa gwamnati lamba, gwamnati kuma tana taka-tsantsan tsakanin jama'arta da Abuja. Abin da aka fi faɗa a gari shi ne kusancin Malam da masu wannan fafutuka ne ya jawo masa fushin gwamnati. A Fabrairun 2000 aka mayar da shi hukumar kula da ma'aikata, wata uku zuwa huɗu sai CAS. A watan Yunin shekarar Kano ta yi nata bikin ƙaddamar da Shari'a.

A nan sai an yi wa kowa adalci. Ƙa'idar aiki ta hana ma'aikaci shiga harkar da za ta sa ya zama kamar yana ja da gwamnatin da yake wa aiki, kuma gwamna na da hurumin ya zaɓi waɗanda zai yi aiki da su a kusa. Amma akwai hanya, in mutum ya yi laifi a ba shi takardar tuhuma ya kare kansa, in an same shi da laifi a hukunta shi a fili. Tura babban ma'aikaci wani lungu don a ƙuntata masa hukunci ne da ba a yi shari'a ba, kuma abin da ya fi ci min rai a ciki shi ne aji aka mayar wurin horo, kamar koyarwa wani ƙasƙanci ne. Ƙananan ma'aikata kuma suna kallo, darasin da suke ɗauka shi ne ka yi shiru ka bi, ko da ka ga ana kuskure.

Malam bai yi rigima ba, ya je ya koyar wata 17, sannan ya ajiye aiki da kansa a farkon Oktoban 2001, ya koma sakataren attajiri Alhaji Aminu Ɗantata. Wannan haƙurin shi ya zama jarinsa. Da ya tsaya kai ƙara da surutu a rediyo da ya zama ɗaya daga cikin masu ƙorafi, amma da ya yi shiru sai gari ya yi masa maganar, aka samu labari mai sauƙin faɗa a majalisa da bakin masallaci, ga mutumin da aka zalunta saboda addini kuma bai ce uffan ba.

Shigarsa takara a ANPP ma ba a miƙe ta zo ba. Da farko Alhaji Ibrahim Al-Amin Little aka ce ya ci fidda gwani, daga baya jam'iyya ta miƙa sunan Malam, magana har kotu. Ba shi da kuɗi irin na 'yan siyasa, ba shi da tsohon gida a siyasar Kano irin na 'yan santsi ko 'yan taɓo, ɓangarori biyun tsohuwar jam'iyyar PRP, abin da yake da shi malaman addini, malaman makaranta, ma'aikata da 'yan fansho masu jin haushi, sai kuma guguwar Janar Buhari wanda a shekarar ya fara neman shugaban ƙasa a ANPP. Duk wanda ya ce farin jinin Malam kaɗai ne ya kayar da gwamna mai ci bai faɗi gaskiya duka ba, hannun da Buhari ya ɗaga ya yi aiki sosai. Aka yi zaɓe ranar 19 ga Afrilun 2003, Kwankwaso ya faɗi, Obasanjo ya ɗauke shi ministan tsaro.

Da ya hau, inda ya fara sa hannu ya nuna daga ina ya fito. Fansho da giratuti da albashi da ƙarin girma. Wanda bai taɓa raka tsoho tantancewar fansho ba ba zai gane nauyin wannan ba, dattijo ya taso daga ƙauye tun asuba da tsohuwar ambulan a cikin leda, takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma ta ƙarshe da ta ritaya duk sun yi laushi saboda ninkewa, ya wuni a rana a ce masa ba a ga fayil ɗinsa ba ya dawo wani satin, wasu har su rasu iyalansu su ci gaba da bin haƙƙin. Gwamnan da ya fito daga kasuwa ko daga bariki a takarda yake ganin wannan, lamba ce a cikin kasafi. Malam kuwa ya san su, wasu tare suka yi aiki, kuma shi kansa ɗan fansho ne. Gwamnatinsa ta biya bashin da ya taru, sannan a 2006 aka yi dokar da ta kafa asusun amintattu na fansho, ana yankar wani kaso daga albashin ma'aikaci gwamnati ta ƙara nata a ajiye a gefe, don kada haƙƙin tsoho ya dogara da ko akwai saura a baitulmali a ƙarshen wata. An ɗauki ma'aikata da yawa, musamman malamai da ma'aikatan lafiya. Har yau in ka zauna da tsofaffin ma'aikatan Kano, ko waɗanda ba sa ƙaunar siyasarsa, da wuya su musa cewa a zamaninsa ma'aikaci ya san ranar albashinsa.

Shi ya kira wannan gina ɗan Adam, 'yan adawa kuma suka ce to ina aikin da za a nuna da yatsa. Kuma suna da hujja. An yi matatar ruwa ta Tamburawa mai lita miliyan 150 a rana da ta Watari mai lita miliyan 75, an faɗaɗa wasu titunan birni, a garin haka ma aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010, abin da masu kishin tarihi ba su yafe ba har yau kuma ina tare da su. Amma manyan ayyuka da dama sun yi ta jan ƙafa. Asibitin Giginyu da asibitin yara na titin gidan zu a zamaninsa aka fara su, shekara takwas ba su ishe shi ya gama ba, sai a zamanin Ganduje aka kammala. Babbar kasuwar Kanawa da aka yi ta talla ba ta tashi a zamaninsa ba. Tsarin ofis yana koya wa mutum kada ya yi gaggawa, a kafa kwamiti, a jira rahoto, a kai majalisa, kuma wannan yana hana ɓarna da yawa, amma birnin da kullum mutane ke ƙaruwa a cikinsa ba ya jiran rahoto.

Inda wannan ɗabi'a ta fi yin tsada shi ne rigakafin shan inna. A 2003, watanni kaɗan da hawansa, magana ta bazu cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa, kuma ba 'yan tasha ne suka fara faɗa ba, manyan mutane ne irin su Dakta Datti Ahmad na majalisar ƙoli ta harkokin Shari'a, wanda likita ne. Tsoron jama'a kuma yana da tushe. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, ga kuma yaƙin Iraƙi da Amurka ta fara a shekarar 2003 ɗin, mutane ba su yarda da duk abin da ya fito daga Yamma kyauta ba. Gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin ta ce sai an bincika. Sauran jihohin da suka dakatar sun koma da wuri, Kano ta tsaya sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an kafa kwamitoci an yi gwaje-gwaje an samo magani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Malam da kansa ya fito ya ɗiga wa yara, daga baya ma aka ɗiga wa 'yarsa a bainar jama'a.

Masu kare shi suna cewa da ya tilasta da ba wanda zai buɗe ƙofa, gara a bi a hankali a gamsar da mutane. Akwai gaskiya a ciki. Amma wata da watanni ana jiran rahoto ƙwayar cutar ba ta jira ba. Yaran da suka kamu a Najeriya sun tashi daga wajen 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, kuma irin ƙwayar da ta fita daga nan ta kai ƙasashe wajen 20, har Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiyar. Kuma ko bayan gwamnati ta ce a karɓa, shakkar da ta shiga zukatan iyaye ta ɗauki shekaru ba ta fita ba, sai a 2020 aka ce Afirka ta rabu da cutar. Akwai matasa a Kano yau da ke tafiya a keken guragu waɗanda aka haifa a waɗannan shekaru. Ni ina ganin a nan Malam ya tsaya a matsayin famanan sakatare mai jiran a kawo masa fayil cikakke, alhali abin da ake buƙata shugaba ne da zai yi amfani da yardar da malamai suka ba shi ya gajarta lamarin, don babu gwamnan da suke jin maganarsa kamar shi a lokacin. A ɗaya gefen kuma gwamnatinsa ce ta maka Pfizer a kotu har aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 a 2009, wannan a rubuta masa.

Ɓangaren tarbiyya kuwa firinsifal ɗin ne ya fito sak. An yi dokar hukumar Hisba a 2003 aka ɗauki dakaru wajen 9,000, aka kafa hukumar Shari'a da ta zakka da hubusi, a 2004 aka ƙaddamar da A Daidaita Sahu ƙarƙashin Dakta Bala Muhammad, ana wa'azin gyaran hali a rediyo da makarantu da kasuwanni. Da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata a 2005 gwamnati ta kawo babura masu ƙafa uku, ga su nan har yau sun cika gari da sunan shirin. Abuja ba ta ji daɗin Hisba ba, a 2006 'yan sanda suka ce sun haramta ta har aka kama shugabanninta, Kano ta tsaya kai da fata. Hisba ta yi aikin da ba a cika faɗa ba, sulhun ma'aurata da na bashi da na gado wanda da kotu zai tafi ya shekara. Amma daga 2007, bayan wani abin kunya da ya taso a harkar fim, hukumar tace finafinai ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo ta matsa wa 'yan fim da marubuta da mawaƙa, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka ɗaure wasu, da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna, tun kafin nan ma a shekarar har littattafan hikaya aka ƙona a bainar jama'a. Jiha ba makarantar kwana ba ce, baligi mai sana'a ba ɗalibi ba ne da za a kwace masa littafi a ƙarƙashin katifa, kuma sana'ar da ke ciyar da dubban matasa gyara take so da jari, kora ba ta amfani kowa ba.

Kafin wannan rikicin fim ɗin, a Afrilun 2007 ya sake cin zaɓe, ya kayar da Ahmed Garba Bichi na PDP, ya zama gwamnan Kano na farko da ya yi tazarce, kuma a cikin wani irin yanayi, don ana gobe zaɓe aka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a masallacin Ɗorayi, gari duk a girgize. Lokacin ma tsakaninsa da mutanen Buhari ta riga ta yi tsami.

Siyasar jam'iyya ita ce inda aikin gwamnati bai koya masa komai ba. A ofis magaji yana zuwa ne ta matakin girma, a siyasa sai ka gina shi ka kuma lallashi waɗanda ba ka zaɓa ba. A 2011 ya dage a kan Malam Salihu Sagir Takai, mataimakinsa Abdullahi Tijjani Gwarzo ya fice ya yi takara a ACN, Buhari ya riga ya tafi CPC, ƙuri'a ta rabu, Kwankwaso ya dawo da tazarar wajen 60,000 kacal. Shi kuma Malam ya nemi shugaban ƙasa a ANPP, ya burge mutane sosai a muhawarar talabijin, amma ya zo na huɗu da ƙuri'a ƙasa da miliyan 1, ko Kano Buhari ne ya lashe. Bayan nan sai sauye-sauye, yana cikin waɗanda suka kafa APC a 2013, da aka miƙa wa Kwankwaso jam'iyyar a Kano ya koma PDP a 2014 ya zama ministan ilimi, ya dawo APC a 2018 ya ci sanatan Kano ta tsakiya a 2019, a 2022 ya shiga NNPP a watan Mayu ya fita a Agusta ya koma PDP. Kowane sauyi yana da dalilin da ya bayar, galibi rashin adalci a rabon muƙamai da takara, amma magoya baya na ƙasa sun gaji da canza hula.

Cikin abubuwan da ya kafa, waɗanda ya yi wa doka da hukuma da ma'aikata su ne suka rayu bayansa. Ofishin A Daidaita Sahu ya shuɗe da tafiyarsa, amma Hisba na nan, hukumar zakka na nan, asusun fansho na nan, duk da gwamnatocin da suka biyo baya ba nasa ba ne. Sai dai asusun fanshon ya nuna iyakar abin da doka za ta iya, don tana aiki ne in gwamnati da hukumominta suna zuba kasonsu kowane wata kuma ba a taɓa kuɗin don wani abu daban. Da aka yi sakaci da hakan bashi ya sake taruwa, har gwamnatin Abba Kabir Yusuf da ta zo a 2023 ta ce ta gaji bashin giratuti da haƙƙin mamata na sama da naira biliyan 48, ta fara biya kashi-kashi.